Yadda Ake Gane Darajar Tsohon Kuɗi

A ƙauyukan yammacin Katsina, kamar Babban Duhu da sauran garuruwan ƙasar Safana da ta Batsari, tsofaffin gidaje da yawa ba su rasa 'yan sulallan zamanin Turawa. Waɗansu suna cikin adudun tsohuwa ƙulle a tsumma, waɗansu a gindin tukunya, waɗansu kuwa an huda su an yi wa yarinya abin wuya. Masu su sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda ba su ɗauke su a bakin kome ba, sai su miƙa wa maƙeri ya narkar, ko su bar wa yara su yi wasa. Akwai kuma waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin wai kwabo mai huji guda ɗaya tak yakan sayi gida, sai su faɗa hannun 'yan damfara. Duka biyun hasara suke yi, abin da ya jawo ta kuwa ɗaya ne, watau rashin sanin yadda ake kimanta tsohon kuɗi. Tun da yake yawancinmu ƙauye za mu koma mu yi aikin koyarwa, malamin makaranta kuwa shi ake kai wa duk abin da ke da rubutun boko a jikinsa ya karanta, mun ga ya kyautu mu bayyana wa 'yan'uwa abin da masana suka shimfiɗa a kan wannan al'amari.

Irin kuɗin da ake tararwa

Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, har ma kalmar nan kuɗi asalinta jam'in wuri ce. In ciniki ya yi girma, kamar na doki ko na kayan fatake, akan yi shi da dalar azurfa, wadda waɗansu ke kira liyari, mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Dokta Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya isa Kano cikin 1851, ya tarar dala guda tana canzuwa a kan wuri 2,500.

Cikin 1907 aka buga kuɗin ƙarfe na farko domin wannan ƙasa, watau kwabo da anini, dukansu da huji a tsakiya don a iya zarge su a igiya. A gefe guda akwai tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu, a ɗaya gefen kuwa ga kambi, da sunan Sarkin Ingila, da darajar kuɗin cikin rubutun boko da na Larabci. Anini goma ke yin kwabo. Aninin farko da sanholo aka yi shi, yana kuwa cikin kuɗaɗen sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Amma ba ya jure wa damshi da gumin hannu, sai cikin 1908 aka koma buga shi da garwayen jan ƙarfe da nikal, irin na kwabo. Ɗari, watau sisin kwabo, ya biyo baya cikin 1911.

Cikin 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, tana buga kuɗi iri ɗaya domin Nijeriya da Gambiya da Saliyo da ƙasar da ta zama Gana. Da shekara ta kewayo, cikin 1913, ta fito da taro da sisi da sule da fataka, dukansu na azurfa, kashi 925 cikin dubu. Sule da fataka su ne masu bishiyar kwakwa a baya. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada ƙwarai, sai cikin 1920 aka rage ta zuwa rabi, sa'an nan cikin shekarar nan aka bar ta ɗungum aka koma tagulla. Haka aka yi ta tafiya har Nijeriya ta sami kuɗinta na kanta cikin 1959, bayan nan naira da kwabo suka shigo ranar 1 ga Janairu, 1973.

Abin da ya kai waɗannan sulalla ƙauye shi ne haraji da jangali, waɗanda aka koma karɓa da kuɗin ƙarfe a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sai kuma cinikin gyaɗa da auduga. Da mutane suka ga sulen tagulla ya shigo, sai suka riƙa kashe shi suna ɓoye na azurfa. Shi ya sa sule da fataka na tsakanin 1913 da 1920 suka daɗe a ƙasan tukwane.

To, in an kawo mana ɗaya daga cikin waɗannan, tambayoyi huɗu ne masana ke yi masa, ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko: na gaske ne ko jabu?

Kakanninmu sun san wannan gwaji tun ba a rubuta shi a littafi ba. Bafatake yakan jefa sule a kan dutse ya kasa kunne. Azurfa takan yi ƙara siririya mai ja, darma kuwa sai ta ce tim ta yi shiru. A ƙasashen Larabawa da Habasha, inda dala ta daɗe tana aiki, 'yan kasuwa sukan duba 'yan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar, in sun shafe sai su ƙi karɓa.

Masana sun ƙara da ma'auni, domin gidan buga kuɗi ba ya wasa da nauyi. Dala giram 28 ce da ɗan ɗoriya, fatakar azurfa giram 11.31, sulen azurfa giram 5.66. Wanda ya sha hannu yakan ragu kaɗan, amma in ragin ya yi yawa alhali zanensa bai shafe ba, to akwai magana. Sa'an nan a duba yadda aka yi shi. Kuɗin gaske buga shi ake yi tsakanin hatimai biyu na ƙarfe da ƙarfin inji, don haka haruffansa sukan fito tsaf da kaifi. Jabu kuwa galibi zuba shi ake yi cikin mazubi, sai ka ga jikinsa da 'yan ramuka kamar an yayyafa rairayi, haruffa sun kumbura, a bakinsa kuma akwai layin inda mazubin ya haɗu. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, saboda haka dalar da ya kama jabu ce. Amma fa kada a ce duk wadda bai kama ba ta gaske ce, gama darma da tagulla su ma ba ya kama su. Jabu ya dami hukuma ƙwarai a shekarun 1920 da 1930, shi ya sa sule da fataka da aka buga daga 1938 aka yi musu wani kwari a bakinsu wanda ke da wuyar kwaikwayo.

Tambaya ta biyu: nawa aka buga, nawa suka rage?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin suna zaton tsufa shi ne daraja. Misalai biyu sun isa su warware wannan zato.

Kowace dala da za a nuna mana, kusan lalle mu ga 1780 a jikinta, mai ita kuwa ya ce ta haura shekara ɗari biyu da arba'in. Gaskiyar magana ita ce, cikin 1780 sarauniyar ta rasu, amma da yake fatake sun saba da dalarta ba su yarda da wata ba, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba a sake ba. An buga ta a Biyana, da Roma, da Landan, da Faris, da Bombai, har cikin ƙarni na ashirin, adadinta ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Dalar da ke wuyan wata tsohuwa a Safana tana yiwuwa jikar ta girme ta.

Misali na biyu shi ne kwabon Sarki Edwad na Takwas. Wannan sarki ya hau gadon Ingila cikin Janairu 1936, ya yi murabus cikin Disamba na shekarar nan, ba a kai ga fitar da kuɗi mai hotonsa a Ingila ba. 'Yan gwajin da aka buga ana ƙirga su da yatsu, har ɗaya daga cikinsu, na zinariya, aka sayar da shi fam miliyan ɗaya cikin 2020. Daga irin wannan labari ne 'yan damfara ke samun abin faɗa. Amma a Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa cikin 1936, tun da kuɗi mai huji ba ya bukatar hoto, an kuwa buga su miliyoyi. Kwabon Edwad na Takwas abin sha'awa ne a ajiye, amma kasuwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kama da wane ba ta wane.

Ƙaranci kuwa a ƙananan alamu yake ɓuya. Ba gida ɗaya ke buga kuɗin hukumar ba, kowane gida da alamarsa, ɗan mitsitsin harafi wanda sai an sa madubi mai ƙara girma ake ganinsa sosai. Wanda ba shi da harafi, a gidan buga kuɗi na Sarki a Landan aka yi shi. Mai H na gidan Heaton ne a Bamingam, mai KN na gidan King's Norton ne, shi ma a can, mai SA kuwa a Piritoriya ta Afirka ta Kudu aka buga shi. Sule biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai saboda harafin nan kurum. Sulen 1920 mai harafin G, alal misali, kaɗan aka buga, masu tara kuɗi suna nemansa ruwa a jallo. Akwai kuma kuɗin kuskure, inda ma'aikata suka haɗa hatimai biyu da ba su dace ba, kamar kwabon da ke ɗauke da 1945 a gefe guda, ɗaya gefen kuma sunan Edwad na Takwas, wanda ya bar sarauta shekara tara kafin nan. Irin waɗannan su ne masu wuyar samu, kuma dubun kwabbai sai su wuce ta hannunka ba ka ga ko ɗaya ba.

Tambaya ta uku: yaya jikinsa yake?

Kuɗi biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, gida ɗaya, ɗaya ya yi shekara talatin yana yawo a kasuwa, ɗaya yana kwance tun ranar da aka buga shi, farashinsu ba zai zo ɗaya ba ko kusa. Don a sami ma'aunin da kowa zai yarda da shi, wani Ba'amurke, Dokta Wiliyam Sheldon, ya tsara matakai daga 1 zuwa 70 cikin 1949. Da fari domin tsofaffin kwabban Amurka ya yi su, daga baya aka ɗauke su ana auna kowane irin kuɗi da su. Mataki na 1 shi ne shafaffen kuɗi wanda da ƙyar ake gane irinsa. Na 4 ya sha hannu ƙwarai, amma ana karanta shekararsa. Na 12 manyan zane-zanensa sun fito, ƙananan sun tafi. Na 20 ƙananan ma sun ragu da dama. Na 40 tudun zanen kaɗai ya goge. Na 50 saura kaɗan ya zama sabo. Daga 60 zuwa 70 kuwa kuɗi ne wanda bai taɓa shiga ciniki ba, na 70 shi ne wanda ko da madubi ba a ganin aibi a jikinsa.

Mai dubawa yakan fara da wuraren da suka fi tudu, domin su yatsa ke fara ci. A jikin sule da fataka sai a duba adon kambin sarki, da gashinsa, da ganyen kwakwar nan, ko ana iya rarrabe su ɗai ɗai. A jikin kwabo da anini sai a duba kambin da ke bisa hujin, da layukan tauraron, da ɗigon rubutun Larabci. Sa'an nan a juya shi a haske a ga ko da sauran ƙyallin da inji ya bar masa, wanda ke zagayawa in ana karkata kuɗin. In ƙyallin nan ya tafi ba ya dawowa.

A nan muke so 'yan'uwa su kasa kunne da kyau. Al'adarmu ce in za mu kai abu kasuwa mu wanke shi, don haka mai tsohon sule yakan sa toka da lemun tsami, ko tsamiya, ya dirje shi har ya yi fari tas. Wannan aiki ɓarna ce tsantsa. Duhun da shekaru suka sa wa azurfa masu saye suna sonsa, domin shaida ce ba a taɓa ta ba, dirzawa kuwa tana kankare fatar ƙarfen ta bar ƙananan zane waɗanda madubi ke nunawa. Kuɗin da aka wanke, ko aka huda, ko aka liƙa masa kunne don ratayawa, ya fita daga sahun matakan nan, farashinsa kuma ya faɗi.

Tambaya ta huɗu: wa ke nema?

Kuɗin azurfa yana da daraja iri biyu. Akwai ta ƙarfensa, wadda maƙerin fari ke biya bisa nauyi: a cikin dala akwai tsantsar azurfa wajen giram 23, tun da kashi 833 cikin dubu ce, a cikin fatakar 1913 kuwa giram 10 da ɗoriya. Wannan ita ce gindin farashi, bai kamata a sayar ƙasa da ita ba. Akwai kuma darajar masu tarawa, wadda ke hawa da sauka gwargwadon yawan masu so da ƙarancin abin. Cikin 2021 an yi gwanjon wata zinariyar Amurka ta dala ashirin, bugun 1933, a Niyu Yok, aka saye ta dala miliyan 18.9, domin ita kaɗai ce irinta da doka ta yarda mutum ya mallaka, masu kuɗin da ke sonta kuwa suna da yawa. Masu tara kuɗin Afirka ta Yamma ba su kai haka yawa ba, saboda haka ko mai wuyar samu a cikin namu ba ya zuwa kusa da wannan. Farashin gaskiya shi ne abin da aka biya a gwanjon da ya gabata a kan kuɗi irinsa mai mataki irin nasa. Abin da wani ya rubuta yana nema a intanet buri ne kurum, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama.

Takardar shaida

Mai sayarwa kullum yana ganin kuɗinsa ya fi yadda yake, mai saye kuwa yana ganin bai kai ba. Don a raba wannan gardama aka kafa kamfanonin da ba su saye ba su sayarwa, aikinsu dubawa kaɗai. Manyansu biyu ne, dukansu a Amurka: PCGS da aka kafa cikin 1986, da NGC cikin 1987. In an aika musu kuɗi, gwanaye sukan duba shi su tabbatar na gaske ne, su ba shi mataki, sa'an nan a rufe shi cikin ɗan kwanson roba mai garai-garai wanda ba ya buɗuwa sai an fasa, da takarda a ciki mai ɗauke da irin kuɗin da shekararsa da matakinsa da lambarsa. Wanda aka wanke ko aka huda, sai su rubuta aibinsa, su hana shi lambar mataki.

Amma shaidar nan ba kyauta ba ce. Ladan dubawa da kuɗin aikawa ƙasar waje da dawowa sun fi ƙarfin darajar yawancin abin da ke cikin adudanmu, saboda haka ba a aika kuɗi sai tambayoyin nan huɗu sun nuna ya cancanta. Har wa yau a sani, kwanson ma ana yin jabunsa. Kowace lamba tana cikin rajistar kamfanin, ana iya duba ta a intanet a ga ko ta dace da kuɗin da ke hannu. Takardar da wani ya buga a shago ya danna mata hatimi ba ta shaidar kome.

Abin da ya kamata mu yi

Damfarar tsohon kuɗi salonta sananne ne. Wani ya zo ya yaba kwabonka ya ce akwai Bature mai saye a kan miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ko na rajista, ko na wani magani da za a wanke shi. Ko kuwa a fara baza labarin ana neman wani irin kwabo, bayan kwana biyu wani ya zo yana sayar da irinsa da araha. Dillalin gaskiya la'adarsa yake cira bayan an yi ciniki, duk wanda ya nemi kuɗi tun kafin a ga mai saye, a rabu da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan magana ta ƙara nauyi a ƙasar Batsari da Safana, inda hare-haren ɓarayin daji, musamman cikin 2019 da 2020, suka tashi mutane da yawa daga ƙauyukansu. Wanda ya baro gida da ɗan ƙunshinsa, yunwa na bin sa, shi ya fi kowa saurin sayar da dalar uwarsa a kan abin da bai kai nauyin azurfarta ba, shi ne kuma ya fi saurin gaskata mai yi masa alkawarin miliyoyi. Malamin da ya iya karanta shekara, ya san sulen 1913 azurfa ne na 1938 kuwa tagulla, ya kuma san inda za a sami ma'auni, yana iya tsare wa irin wannan bawan Allah haƙƙinsa.

In an kawo mana tsohon kuɗi, mu riƙe shi ta bakinsa, kada mu wanke, mu rubuta irinsa da shekararsa da harafinsa da nauyinsa, mu naɗe kowane cikin takardarsa dabam don kada su goge juna. In kuwa tukunya ce garma ta tono, kada a rarraba abin da ke ciki tukuna, a rubuta wurin da aka same ta da duk shekarun da ke ciki. Kuɗin da ya fi sauran ƙuruciya shi ke nuna ba a binne tukunyar kafin shekararsa ba, wannan kuwa labari ne na garin wanda in an watsa sulallan ya ɓace ke nan. Akwai gidan tarihi a Katsina, akwai Gidan Makama a Kano, hukumar da ke kula da su kuwa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ya kamata a sanar in an tono kayan da, ita ce kuma ke ba da izini kafin a fitar da kayan tarihi daga ƙasa.

Yawancin abin da za a kawo mana, in mun auna, za mu tarar ba mai tsada ba ne, kuma wajibi ne mu faɗa wa mai shi haka ko da ba zai ji daɗi ba. Amma ko kwabon da bai sayi kome a gwanjo ba yana da aiki a aji. Da anini guda ana koya wa yara lissafin kashi goma, da rubutun Larabci, da tarihin harajin da kakanninsu suka biya. Allah ya sa mu zama masu amfani ga jama'armu, amin.